Daga Luksor zuwa Aswan: Abin da jirgin Nilu ke nunawa da abin da yake wucewa

Jiragen saman da ke tashi daga Kano da Abuja zuwa Alƙahira ba sa rasa fasinja. Akwai mai neman lafiya da ɗan rakiyarsa, akwai ɗalibin Azhar da ke komawa bayan hutu, akwai Hajiya mai saro abaya da takalma. Mafi yawansu iyakar saninsu da Kogin Nilu ita ce hango shi ta gilashin mota a kan gada, ana cikin cunkoso. Wanda ya yi ƙoƙari shi ne ya je Giza ya ɗauki hoto a gaban dala, ya koma masauki. Alhali kuwa babban rabon tarihin da ya sa sunan Masar ya cika duniya yana can kudu, tafiyar kimanin kilomita 650 daga Alƙahira, a wani yanki na kogin da ke tsakanin garuruwa biyu, Luksor da Aswan.

Tazarar da ke tsakanin garuruwan nan ba ta fi kilomita 200 da 'yan kai ba, mota na iya cinye ta cikin rabin yini. Amma an fi son a yi ta a cikin ruwa, a kan wasu manyan jirage masu hawa huɗu ko biyar waɗanda a zahiri otal-otal ne masu tafiya: ɗakunan kwana, ɗakin cin abinci, da fili a can sama inda ake zama ana kallon gaɓa. Wanda ya tashi daga Luksor ya nufi kudu yakan kwana huɗu, wanda ya taso daga Aswan ya gangaro arewa kuwa yakan kwana uku. Dalilin bambancin shi ne Nilu daga kudu yake kwarara zuwa arewa, don haka mai zuwa Aswan yana sāɓa wa ruwa ne. Sai dai Allah Ya haɗa kogin da wata iska da ke busowa daga arewa kusan duk shekara. Wannan ya sa tun zamanin fir'aunoni mai gangarawa arewa yakan bar ruwa ya ɗauke shi, mai haurawa kudu kuma ya buɗe ƙyallen jirginsa iska ta tura shi. Har a rubutunsu na dā, alamar tafiya kudu jirgi ne da buɗaɗɗen ƙyalle, ta tafiya arewa kuwa jirgi ne da aka naɗe masa ƙyallen.

Wannan hutu na cikin ruwa yana da asali, kuma sanin asalin na taimaka wa matafiyi. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Thomas Cook ne ya fara kawo ayarin masu yawon buɗe ido Kogin Nilu a 1869, shekarar da aka buɗe mashigin Suwez. Kamfaninsa ya mamaye harkar na shekaru masu yawa, ya gina jirage masu aiki da tururi, ɗaya daga cikinsu ma, mai suna Sudan, yana nan yana ɗaukar baƙi har yau. Tsarin da aka shimfiɗa a wancan lokaci, na inda za a tsaya da abin da za a nuna, an yi shi ne don idon Baturen ƙarni na 19 wanda ya zo ganin sarakunan dā da gumakansu. Shekara fiye da 150 ke nan tsarin bai sauya sosai ba. A ganina tafiyar ta cancanci kuɗinta da lokacinta, amma wanda ya bi jadawalin kamfani ido rufe zai dawo da rabin labari. Jadawalin na nuna duwatsun da aka sassaƙa, aka tono, aka ceto, yana kuma ratsa mutanen da suka sassaƙa su da waɗanda aka tasa daga gidajensu saboda su ba tare da ya tsaya ba.

Tun kafin a kai ga kowane gidan bauta, zama a saman jirgi karatu ne. A dama da hagu akwai tsirin kore: rake, ayaba, dabino, masara, nan da can ga goruba irin tamu. A wani wurin faɗin koren ya kai kilomitoci, a wani kuwa da ƙyar ya wuce jifa, daga nan sai rairayi da tsaunuka masu launin toka, babu ko ciyawa. Layin da ya raba gona da hamada a bayyane yake kamar an ja shi da wuƙa. Mutum ya ga wannan sau ɗaya ya fahimci dalilin da ya sa kusan dukkan Misirawa, su fiye da miliyan 100, suke cunkushe a gefen kogi ɗaya, da kuma dalilin da ya sa hankalin Alƙahira ya tashi tun da Habasha ta fara tara ruwa a sabuwar madatsarta a 2020. Jigon da manoman dā suke ɗebo ruwa da shi, wanda zanensa ke jikin bangon kaburbura kuma bai bambanta da na fadamun ƙasar Hausa ba, yanzu injin ban-ruwa ya maye gurbinsa. Amma yaro a kan jaki da damin ciyawa yana nan, haka mata masu wanki a bakin ruwa, haka kiran sallar da ke tashi daga wannan ƙauye ya tarar da na wancan.

Luksor, wadda Larabawa ke kira Al-Uƙsur, wato fadoji, tana zaune ne a kan tsohon birnin da ya kasance cibiyar mulki da addini ta Masar ɗaruruwan shekaru. A nan Karnak yake. Kiran sa gidan bauta ɗaya rage masa girma ne, domin gari ne na gidajen bauta da sarakuna suka yi ta ƙara wa gini kusan shekara 2,000, kowa na son ya shafe na gabansa. Zauren da ya fi shahara yana da ginshiƙai 134, goma sha biyu na tsakiya tsayinsu ya kai mita 21, kaurin kowanne sai mutane da dama sun haɗa hannu kafin su zagaye shi. Jagora zai tsaya a nan ya daɗe, kuma ya cancanta. Abin da akan wuce da sauri shi ne wani dogon ginshiƙi da ke tsaye shi kaɗai a farfajiyar farko. Na Taharƙa ne, ɗaya daga cikin sarakunan Kush da suka fito daga ƙasar da yau ake kira Sudan suka mulki Masar baki ɗaya kusan ƙarni guda, fiye da shekara 650 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Duk ɗan Afirka da ya shiga Karnak ya kamata ya nemi a nuna masa wannan ginshiƙi, ko da jagora bai yi niyya ba.

Daga Karnak akwai wata hanya mai tsawon kilomita 2.7, jere da gumaka masu jikin zaki, wadda aka gama tonewa aka sake buɗewa a 2021. Ita ke kai mutum gidan bautar Luksor da ke tsakiyar gari. A ƙofarsa akwai doguwar hasumiya mai tsini da aka sassaƙa daga dutse guda. Dā su biyu ne. Muhammad Ali Basha ya yi wa Faransa kyautar su, aka ɗauke ɗaya aka kafa a wani dandali a Faris a 1836, shi ya sa ƙofar take kamar bakin da aka cire wa haƙori. Amma abin da zai fi ɗaukar hankalin Musulmi yana ciki. A kan ginshiƙan da Ramsis na Biyu ya kafa, can sama, akwai masallaci da ake sallah a cikinsa har gobe, Masallacin Abul Hajjaj, wani shehi da ya rasu a ƙarni na 13. Lokacin da aka gina shi rairayi da tarkacen gari sun binne gidan bautar, don haka a kan ƙasa aka ɗora tubalinsa. Da masu tono suka kwashe ƙasar sai tsohuwar ƙofar masallacin ta koma rataye a sama, mita da dama daga inda mutum ke tsaye. Kafin masallacin, wurin ya taɓa zama sansanin sojan Rumawa, an kuma yi coci-coci a cikinsa. Duk watan Sha'aban mutanen gari na bikin maulidin shehin, inda suke zagaya gari da kwale-kwale a kan amalanke, abin da masana da dama ke dangantawa da wani tsohon biki da ake ɗauko jiragen gumaka daga Karnak zuwa nan. Ibn Battuta ya biyo ta wannan gari a 1326, ya kuma ambaci kabarin shehin. A zamanin nan hanyar Hajji ce: alhazai kan haura Nilu, su yanki hamada zuwa tashar Aizab a bakin Bahar Maliya, su tsallaka Jidda.

A nan ne wata tambaya ke tasowa wadda ba za a kauce mata ba a shafi irin wannan: me zai kai Musulmi gidan gumaka, har ya biya kuɗi? Masu ƙyamar abin suna da hujja. Sukan kawo labarin wucewar Manzon Allah (SAW) ta kufan Samudawa a hanyar Tabuka, inda ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda aka halaka sai dai cikin kuka da tsoron Allah. Masu ganin halaccinsa kuma sukan nuna wurare da dama da Alƙur'ani ya yi umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Hukunci na malamai ne, amma tarihi na da abin cewa. Rundunar Amru bin As da ta buɗe Masar tsakanin 640 da 642, cikinta har da sahabbai, ta tarar da waɗannan gine-gine ta bar su a tsaye. Abdullaɗif al-Bagdadi, likita kuma malami da ya zauna a Masar wajen shekarar 1200, ya auna su, ya yi mamakin gwanintar da ke cikinsu, ya kuma soki masu farfasa su don neman dukiya. Al-Maƙrizi, wanda ya rasu a 1442, ya ba su babi-babi a littafinsa na tarihin Masar. Ni dai fahimtata ita ce abin da mutum ya je da shi a zuciya shi ne ma'auni. Wanda ya tsaya a gaban gunkin sarkin da ya ce shi abin bauta ne, ya ga hancinsa a gutsure, tsuntsaye na kashi a kansa, yara na tallar kati a gindinsa, ba ya bukatar dogon wa'azi. Gargaɗi ɗaya kawai: jagorori da yawa za su rantse cewa Ramsis na Biyu shi ne Fir'aunan Annabi Musa (AS). Alƙur'ani bai ambaci sunansa ba, masana tarihi ma ba su tsaya a kan mutum ɗaya ba. A saurara, amma kada a dawo gida ana yaɗa shi a matsayin tabbas.

Yammacin kogi, inda rana ke faɗuwa, shi ne ɓangaren matattu. Kwarin Sarakuna na da kaburbura fiye da 60 da aka haƙa cikin dutse, wasunsu launin zanen da ke bangonsu kamar jiya aka shafa. A nan Howard Carter ya gano kabarin Tutankamun a watan Nuwamba na 1922, da kaya fiye da 5,000. Can gaba ga ginin sarauniya Hatshefsut, jingine da tsauni, wanda bangonsa ke ɗauke da labarin ayarin fatauci da ta aika ƙasar Punt aka sayo turare. A harabarsa ne 'yan bindiga suka kashe mutum 62 a Nuwamba 1997, abin da ya durƙusar da harkar baƙi a Masar na wani lokaci, kuma shi ya sa har yau ake ganin 'yan sanda a kowace kusurwa.

Tafiyar 'yan mintoci daga nan akwai wurin da jirage da yawa ba sa sawa a jadawali, Dairul Madina, ƙauyen ma'aikatan da suka haƙa kaburburan suka kuma zana su. Ga gidajensu nan ƙanana, manne da juna, da lungu ɗaya a tsakiya. Saboda da yawa daga cikinsu sun iya rubutu, sun bar dubban ɓallin dutse da fasassun tukwane ɗauke da labarin rayuwarsu: wanda bai zo aiki ba saboda kunama ta harbe shi, wanda ya ci bashi bai biya ba, rikicin gado, ƙarar maƙwabci. A shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na Uku, hatsin da ake biyan su albashi da shi ya makara, sai suka ajiye kayan aiki suka je suka zauna a gidajen bautar sarakuna suna cewa yunwa suke ji. Shi ne yajin aiki mafi daɗewa da aka samu a rubuce. Duk ma'aikacin da ya taɓa jiran albashin wata uku zai ji waɗannan mutane sun fi kusa da shi fiye da duk wani fir'auna.

Kusa da nan kuma akwai tudun Ƙurna, inda har zuwa 'yan shekarun baya akwai ƙauye a kan kaburburan manyan fadawa. Hukuma ta daɗe tana zargin mazaunansa da haƙar kayan tarihi a ƙarƙashin ɗakunansu. A shekarun 1940 aka sa magini Hasan Fathi ya gina masu sabon gari na tubalin laka, da rufin baka irin na Nubiyawa, aikin da ya sa sunansa ya zagaye duniya a fagen gine-ginen ƙasa. Mafi yawan mutanen suka ƙi tashi. Sai wajen 2006 aka tashe su, aka rushe gidajen. Baƙo yau zai ga tudu wayam, ba zai san an taɓa haihuwa da aure a kansa ba sai in ya tambaya.

Daga Luksor jirgi kan kama hanya da rana. Tsayawar farko ita ce Isna, inda wata ƙaramar madatsa ta raba ruwan gida biyu, na kudu ya fi na arewa tudu. Jirgi kan shiga wani ɗaki mai ƙofofin ƙarfe, a rufe bayansa, a sako ruwa har ya ɗaga shi ya daidaita da na gaba, sannan a buɗe ya wuce. Jirage kan yi layi suna jira, wani lokaci sa'o'i. 'Yan kasuwa a ƙananan kwale-kwale sun san da haka, sukan ɗaure a jikin jirgi su riƙa cilla jallabiya da mayafin tebur a cikin leda har hawa na huɗu. In an daidaita a jefo kuɗi a ledar, in ba a daidaita ba a jefo kayan. Bakano zai ji kamar yana Kwari.

Washegari Idfu. Daga bakin ruwa keken doki ke kai mutum gidan bautar da ya fi kowanne cika a Masar, har rufinsa na nan. An fara shi a shekara ta 237 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka gama a ta 57, shekara 180 ke nan, a zamanin sarakunan da asalinsu Girkawa ne amma suka ari rigar fir'aunoni don su samu karɓuwa. Rairayi ne ya adana shi, domin ya binne shi har mutane suka gina gidaje a kan rufinsa kafin a tone shi a shekarun 1860. Gaba kaɗan jirgi kan ratsa Jabalus Silsila, inda kogin ya ƙuntace tsakanin duwatsu. Daga nan aka yanko yawancin dutsen da aka gina Karnak da sauransu, kuma sawun gizagon ma'aikata na jikin dutsen. Manyan jirage wucewa suke yi. Masu tsayawa su ne ƙananan jirage masu tafiya da iska da ake kira dahabiyya, masu ɗakuna kaɗan, waɗanda suka fi tsada amma suna iya yada zango a tsibirai da ƙauyukan da babban jirgi ba ya iya kusanta.

Tun da an zo maganar tsada, kuɗin wannan tafiya da dala ake lissafa shi, kuma a halin da Naira ke ciki ba ƙaramin abu ba ne. Mai ƙaramin ƙarfi na iya hawa jirgin ƙasa daga Alƙahira zuwa Aswan, ya yi hayar falluka, wato kwale-kwalen iska, ya ga abu da yawa daga cikin abin da mai otal ɗin ruwa zai gani. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Oktoba zuwa Afrilu, domin a bazara zafin yankin kan haura maki 40. Magidancin da zai je da iyali ya san cewa manyan jiragen na da wurin shan barasa, kuma wasu dararen akan yi kaɗe-kaɗe da raye-raye. Babu mai tilasta wa kowa halarta. A kuma tanadi canji, domin a Masar tukuici ba ya ƙarewa.

Kom Ombo akan isa da yamma. Gidan bauta ne a kan tudu daf da ruwa, an raba shi biyu daidai, rabi na gunki mai kan kada, rabi na mai kan shaho. Akwai bangon da aka zana kayan aikin likita, akwai rijiyar auna cikar kogi wadda da ita ake yanke harajin shekara, akwai ɗakin da aka jera busassun gawawwakin kadoji. Sa'a ɗaya ko biyu an gama, a koma jirgi a ci abincin dare. Mai karatu ya riƙe sunan garin nan, za mu dawo kansa.

Aswan ita ce ƙarshen tafiya, kuma a nan kogin ya fi kyau: tsibirai, baƙaƙen duwatsu masu santsi, fararen ƙyallayen falluka. Ruwan da ke wucewa a nan, mafi yawansa daga tsaunukan Habasha ya taso, ya biyo Shuɗin Nilu, ya ratsa ta gefen Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903, kafin ya haɗu da Farin Nilu a Kartum. Za a kai baƙo ya ga wata hasumiya mai tsawon kusan mita 42 da ta tsage tun ana sassaƙa ta aka bar ta kwance a mahaƙa. Daga nan sai babbar madatsa.

Labarin madatsar nan shi ne labarin Masar ta zamani. Da Amurka da Ingila suka janye alƙawarin ba da kuɗin gina ta a 1956, Jamal Abdul Nasir ya ƙwace mashigin Suwez, yaƙi ya biyo baya, daga bisani Tarayyar Sobiyet ta kawo kuɗi da injiniyoyi. An fara aiki a 1960, aka gama a 1970. Tsayinta mita 111, tsawonta ya kusa kilomita huɗu, tafkin da ta tara kuwa ya miƙe kusan kilomita 500 har cikin Sudan. Ba a musun amfaninta: ta kai lantarki ƙauyuka, ta ba da damar noma sau biyu ko uku a shekara, ta kuma kare Masar daga farin shekarun 1980 da ya yi wa maƙwabtanta illa. Amma ƙasar da tafkin zai haɗiye ita ce Nubiya.

Duniya ta tashi tsaye, saboda duwatsu. A 1960 Hukumar UNESCO ta yi kira, ƙasashe kusan 50 suka ba da gudummawa ga aikin da ya ci kimanin dala miliyan 80. Tsakanin 1964 da 1968 aka yayyanka gidajen bautar Abu Simbel gunduwa fiye da 1,000, da gumakan Ramsis masu tsayin mita 20, aka sake harhaɗa su mita 65 sama da inda suke, aka kuma daidaita su yadda hasken rana zai ci gaba da shiga har ƙurya sau biyu a shekara, a watan Fabrairu da Oktoba. Gidan bautar Fila, inda aka yi rubutun fir'aunanci na ƙarshe da aka sani a shekarar 394, an kwashe shi dutse bayan dutse zuwa wani tsibiri mafi tudu. Masar ta yi tukuici da ƙananan gidajen bauta huɗu, waɗanda yanzu suke Amurka da Sifen da Holan da Italiya. Daga wannan aiki ne aka samu yarjejeniyar 1972 ta kare wuraren tarihi na duniya, wadda daga baya Sukur ta Jihar Adamawa da tsohon garin Agadas suka shiga ƙarƙashinta. Aiki ne na a yaba, wanda ya ga Abu Simbel da hantsi ba zai ce an yi asarar kuɗi ba. Abin takaici, kason da aka kai gidan tarihi na Kartum ya faɗa cikin yaƙin da ya ɓarke a 2023, aka wawashe gidan.

Su kuwa mutanen, kimanin 100,000 aka tasa. Wannan ne karo na huɗu ga wasu iyalai, domin tsohuwar madatsar da Turawan Ingila suka gina a 1902 ta ci gonakinsu, ƙarin tsayin da aka yi mata a 1912 da 1933 ya sake korar su zuwa tudu. Na ɓangaren Sudan, mutanen Wadi Halfa, an ɗora su a jirgin ƙasa zuwa Khashmul Girba, ɗaruruwan kilomitoci a gabas, ƙasar da ba su san ruwanta ba balle cututtukanta. Na ɓangaren Masar, wajen rabin adadin, an kai su wasu jerin gidaje da gwamnati ta gina a hamadar da ke bayan Kom Ombo, nesa da kogi. Al'umma ce da ta yi dubban shekaru tana kwana tana tashi da ƙarar ruwa, mai dabino da jiragenta da harshenta, wadda kakanninta suka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya da Musulmin Masar a wajen shekarar 652 ta kuma ɗore kusan ƙarni shida. Mutanen Borgu da Yawuri ba sa bukatar a yi masu bayanin irin wannan rashi. A daidai waɗannan shekaru ne madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ta haɗiye tsohuwar Busa, ta tashi mutum fiye da 40,000.

Abin da jadawalin jirgi ke bayarwa game da Nubiyawa shi ne ziyarar yamma zuwa wani ƙauye kusa da Aswan, mai gidaje masu fenti shuɗi da rawaya, inda za a sha shayi, a yi wa mata lalle, a ɗauki hoto da ɗan kada a cikin kwatami. Ba laifi ba ne, mutanen wurin da shi suke ci. Amma wanda yake son sanin abin da ya faru ya ware rabin yini ya shiga Gidan Tarihin Nubiya da aka buɗe a Aswan a 1997, inda aka ajiye hotunan ƙauyukan kafin ruwa ya rufe su. In yana da hali ya ɗauki mota daga Kom Ombo, tafiyar da ba ta da nisa, zuwa yankin da ake kira Nasrun Nuba. Garuruwan can suna ɗauke da sunayen waɗanda ke ƙarƙashin tafki: Ballana, Ƙustul, Adindan, har da wata Abu Simbel da babu gunki ko ɗaya a cikinta. Tsarin mulkin Masar na 2014, a sashe na 236, ya ɗora wa gwamnati aikin mayar da Nubiyawa yankunansu na asali cikin shekara goma. Wa'adin ya cika a 2024, mafi yawan iyalan kuma suna nan a inda motocin gwamnati suka sauke kakanninsu a 1964.